Kawuna ya rantse ba zai ƙara zama gaban Zoom ba, su kuma Turkawan suna jirana

Saƙon wannan satin daga wani saurayi ne a Zango, nan cikin Damagaram, ya ce dan Allah kar in saka sunansa, toh ban saka ba. Vokal ya turo dogaye, ga abin da ke ciki a taƙaice:

"Salamu alaikum Yaya. Na gama jami'ar André Salifou aiki bai samu ba, shi ne nake riƙe wa Kawuna lissafi a magazarsa, riɗi yake saye wajen Matamai da Magarya yana kaiwa Kano tun ban san kaina ba. Ni ne na samo wani kamfani na Turkiyya a intanet, suka ce suna son riɗi kontena kontena, amma sai mun zauna ta Zoom, wato kiran bidiyo, sun ga mai kayan. Na zaunar da Kawu gaban wayata. Wlh Yaya abin bai yi kyau ba, rezo na yankewa, Kawu na ta alo alo da ƙarfi, ana cikin haka ya juyo ya ce mini da Hausa kuɗin ƙarshe da zai iya sallamawa, ya ƙara da cewa wannan mai ƙaton hancin wayo gare shi. Ashe suna da tafinta ɗan Kano da ke karatu can, sai muka ji an ce Alhaji muna jin ka fa. Ba a jima ba abin ya yanke da kansa. Kawu ya rantse ba zai ƙara ba, ya ce na kunyata shi, ciniki ba a yinsa a madubi, yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ga shi sun rubuto suna son a sake zama sati mai zuwa. In yi zaman ni kaɗai ba tare da ya sani ba, in ya so in ya ga kuɗi ya huce? Ko in bar mishi magazarsa in tafi Yamai neman aiki?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da tambayarka ta farko tunda ita ce mai haɗari: a'a, kar ka kuskura ka yi zaman nan a bayan idonsa. Riɗin ba naka ba ne, kuɗin ba naka ba ne, sunan da manoma da dillalai suka sani har suke ba da kaya bashi ba naka ba ne, in ka je ka amsa wa mutane ton kaza a rana kaza sannan Kawu ya ce bai san zancen ba, kai ka zama maƙaryaci a Istanbul kuma ka zama maci amana a gida, duka biyun a rana ɗaya. Kuma su ma Turkawan mai kaya suka ce suna son gani, ba mai riƙe littafi ba.

Sannan zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. A vokal ɗinka kaf laifin ka ɗora wa rezo da kuma bakin Kawu, ban ji inda ka ce ga nawa ba, alhali ni da na saurara kusan duk abin da ya faru aikinka ne da ba ka yi ba. Dattijon da ya shekara talatin ko fi yana ciniki ya san ƙa'idar ciniki sarai, ya san in zai yi shawara da yaronsa sai ya ja shi gefe ko ya yi ƙasa da murya, abin da bai sani ba shi ne a cikin wannan abin babu gefe, duk abin da aka faɗa a ɗakin yana fita sai in an toshe mikoro. Wa ya san haka? Kai. Wa ya kamata ya gaya mishi tun kafin a kunna? Kai. Ka ɗauko mutum mai girma a gari, wanda in ya shiga kasuwar Dole ranar Alhamis ana tashi a ba shi kujera, ka ajiye shi gaban baƙi a inda bai san ƙofa ba bai san taga ba, har yaro sa'an ɗansa ya ce mishi muna jin ka fa. Ba Zoom yake fushi da shi ba, kunyar ce take cinsa, kuma yana da gaskiya.

Dan haka gyaran ba daga waya zai fara ba. Ka samu Innarka, tunda ɗan'uwanta ne ita ta san ta inda ake shigarsa, ko kuma amininsa ɗaya da yake jin maganarsa, ku je tare bayan isha'i lokacin da mutane suka watse daga ƙofar gida. Ka durƙusa ka ce Kawu na yi kuskure, ni ne ban shirya maka wurin ba. Shikenan, kar ka ƙara da amma ai rezo ne, kar ka ƙara da ai zamani ne ya canza, wannan kalmar ta zamani ya canza ita ce ta fi ɓata wa manyanmu rai saboda abin da suke ji a ciki shi ne kun tsufa ku ba mu wuri. Ranar ma kar ka tada zancen zama na biyu in ba shi ya tada ba. Su Turkawan ka rubuta musu yau ɗin nan cewa Alhaji ya gode, kuna neman a ɗaga da sati ɗaya, ba mai sayen kontena da zai gudu saboda kwana bakwai, wanda ya gudu saboda haka dama ba mai saye ba ne.

Zancen rantsuwa kuma, in da sunan Allah ya rantse kuma daga baya ya ga alherin yana cikin komawa, addini ya buɗe ƙofar kaffara, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai da hali ya yi azumin kwana uku. Amma ba kai za ka karanta mishi wannan ba dan Allah, ka bar malaminsa ya faɗa.

In ya sauko, kafin ya ƙara ganin fuskar wani Baturke, sai ya saba da abin a inda ba kunya. Yana da ɗiya da ke aure a Yamai ko Agadas? Yana da abokin ciniki a Dawanau da suka saba? Ku kira su ta Zoom ɗin nan dai, ba WhatsApp ba, ya ga jikoki, ya yi wasa da su, kai kuma kana gefe kana nuna mishi: Kawu ka ga ɗan mikoron nan, in ya yi ja da layi a kansa ba sa jin mu, in babu layin ko tari ka yi sun ji. Ka bar shi ya latsa da yatsansa ya tambayi na can kuna jina, su ce a'a da hannu, ya sake latsawa. Ya kuma ji da kunnensa yadda murya ke ɗan jinkiri kafin ta isa, saboda wannan jinkirin ne ke sa mutane su yi ta hawa kan maganar juna, kai ka ɗauka ya gama shi kuma bai gama ba, sai ka ga kamar rashin ladabi alhali hanya ce ta yi nisa. In ya gane haka zai daina alo alo, zai riƙa ɗan dakatawa kamar numfashi biyu kafin ya amsa, wanda dama shi ne halin dattijo a ciniki.

Yanzu ranar zaman. Ka ɗauke shi kamar Kawu zai yi manyan baƙi a zaure, duk abin da za ka yi in baƙin da ƙafarsu za su zo, shara, shimfiɗa, korar yara, sanin wa zai zauna ina wa zai yi magana, shi za ka yi. Ba a tsakiyar magaza ba inda lebura ke sauke buhu ana ƙirga da ƙarfi, mai shayi na kaɗa kofi, kabukabu na oda a bakin titi, almajiri na sallama. Ɗaki mai ƙofa, a rufe, a sa yaro a waje ya ce Alhaji na da baƙi. In kuna so su ga kayan, wannan daban, a ƙarshe sai ka ɗauki waya ka zaga da su cikin magaza su ga buhuna, ka buɗe ɗaya ka damƙo riɗin ka matso da shi gaban kamara, ko ma ka ɗauki bidiyon tun da safe da haske mai kyau ka tura musu kafin zaman.

Na tabbata ranar farko a hannu ka riƙe wayar ko ka jingina ta da fulas a kan tabarma, su can abin da suke gani ƙasan haɓar Kawu ne da ramin hancinsa da fankar sama tana juyawa. Ka samo tebur, ka tara littattafan lissafinku ka ɗora wayar a kai a kwance har kamarar ta zo daidai idonsa, a ga hula a ga kafaɗa a ga aikin babbar riga. Hasken ya zo daga gabansa, ya fuskanci taga ko ƙofa, in taga na bayansa baƙin inuwa kawai za su gani mai motsi. Ka goge idon kamarar da gefen riga, ƙurar garin nan kaɗai ta isa ta sa a ga mutum kamar cikin hazo. In za ka iya aro ordinater wajen wani abokin karatunka ya fi, fuskokin sun fi girma, Kawu zai fi jin da mutane yake magana. Wani ƙaramin abu da mutanenmu ke mantawa, sunan da ke fitowa ƙarƙashin hoto, sau da yawa sai ka ga an rubuta Tecno kaza ko Galaxy kaza, ko wani laƙabin da abokai ke kiranka da shi, ka shiga ka canza ka saka sunan kasuwancin Kawu da Zinder, Niger.

Wuta da rezo ba a hannunka suke ba amma shirinsu a hannunka yake. Komai ya kwana a caje, waya biyu da fawabank, kar ka dogara da cewa ai kuran na nan, ɗauka za ka yi za a ɗauke. Layi biyu na kamfani daban daban, kowanne da forfe a ciki, ka gwada su a cikin ɗakin nan da kuma irin lokacin nan kwana ɗaya kafin, saboda layin da ke gudu a Birni ba lallai ya yi gudu a lungunku ba, wanda ke gudu da asuba ba lallai ya yi da yamma ba lokacin da kowa ya hau TikTok. Waya ɗaya ta ba da wifi, ɗayar ko ordinater ta yi zaman, kuma wadda ake zaman da ita a hana kira shigowa, in ba haka ba ana tsakiyar magana dillali zai kira daga Kance hoto ya tsaya cak. Hoto na cin mega sosai, awa ɗaya na iya lashe wajen rabin jiga, in aka bar shi a HD ya wuce jiga ɗaya, murya zalla kuwa ko mega hamsin ba ta kai ba. Toh ka kashe HD tun farko, a buɗe kamara a gaisa a ga juna, in ka ga abin ya fara sarƙewa ka ce musu za mu rufe hoto mu ci gaba da murya, ba abin kunya ba ne, su ma sun saba. Lokacin zafi kuma, Afrilu da Mayu da ake haura digiri 40, waya na yin zafi ta rage gudu ko ta mutu in ana bidiyo ana caji lokaci guda, ka cire mata riga ka sa ta inda fanka ke kaiwa.

Yankewar da ka ce ta yi da kanta ba aljanu ba ne, Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa ya rufe, ko ku biyu ne. Mafi sauƙi ka ce su su buɗe zaman su turo muku liyan, kamfani irin wannan galibi suna da na kuɗi. In ku za ku buɗe, Google Meet na kyauta na ba da awa ɗaya in an kai mutum uku, Teams ma haka, ko kuma ka tanadi liyan na biyu ka tura tun kafin a fara ka ce in ya yanke mu haɗu a nan. Ni a ganina ma minti 40 ya isa in an san abin da za a faɗa, matsalar mu gaisuwa kaɗai na cin goma. Ban ce Kawu ya bar gaisuwa ba, ina, Turkawa ma mutane ne masu son a tambayi lafiya da iyali, a yi sallama a yi ya gida ya aiki, amma ba sai an kai ga ya gajiya ya sanyi ya kwana biyu ya labarin ruwa ba.

Agogo kuma ka lura da shi dan yana kunyata mutane fiye da rezo. Turkiyya na gabanmu da awa 2 duk shekara, in sun ce ƙarfe 10 nasu toh 8 na safe ne a nan, Kawu bai gama lazimi da karin kumallo ba. Ka nemi 9 ko 10 namu, ya zama 11 ko 12 nasu, rana ba ta yi zafi ba kuma an yi nisa da azahar. Ban da Alhamis ranar kasuwa, ban da Juma'a. Kullum in za ka rubuta lokaci ka rubuta biyu, na Damagaram da nasu. Tunda na san wasu ƴan kasuwa na karantawa bari in ƙara: Dubai na gabanmu da awa 3, Indiya 4 da rabi, Caina 7, Lome na bayanmu da awa 1, Kano da Kwatano agogonmu ɗaya, Faransa kuwa ita ce mai rikici, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris muna daidai, sauran shekara tana gaba da awa 1. Masu hulɗa da Guwanzu kuma sun sani WhatsApp da kayan Google ba sa aiki can yadda muka saba, WeChat ake yi, a Dubai ma kiran WhatsApp a toshe yake, dan haka ka riƙa tambayar mutum da me yake aiki kafin ka ce ya ƙi ɗauka.

Sai rabon aiki a cikin zaman, nan ne nake so ka fi buɗe kunne. Kawu shi ne mai magana, kai tafinta ne kuma mai latse latse, iyakarka kenan. Kar ka gyara mishi magana a gaban kamara, kar ka yi irin dariyar nan ta ku yi haƙuri da tsoho, kar ka amsa tambayar kuɗi da bakinka ko da ka san amsar, juyawa za ka yi ka ce Alhaji sun ce kaza. Mutanen can suna kallon yadda kake girmama shi, daga nan suke auna ko gidan na da tsari. Daren jajibiri ku zauna ku biyu da takarda ku gama duk shawarar da za a yi: ton nawa za a iya haɗawa da gaske ba na fatan baki ba, cikin sati nawa, kuɗin farko da za a faɗa, inda za a tsaya. Su da ton da dalar Amurka ko yuro suke lissafi, Kawu da tiya da buhu da jika, toh ka yi canjin tun a gida ka rubuta manya manya ka manna a bango bayan wayar inda shi zai gani su ba za su gani ba. Yuro ba ya motsi da sefa, yuro ɗaya wajen sefa 656 ne, dalar Amurka ce ke hawa da sauka sai ka duba ta ranar. Za su tambayi tsabtar riɗin, ƙasa da tsakuwa nawa ke ciki, laima, fari ne ko gauraye, na bana ne ko ya kwana, ku shirya amsar gaskiya dan samfur za su nema su auna.

In shawara ta taso a tsakiya, ku yi alama tsakaninku, misali ya ɗora hannu kan carbinsa, kai kuma ka ce a ba mu minti biyar, ka toshe mikoro, ka rufe kamara, sannan ku tashi ku fita waje ku yi maganar. Eh, har da fitar. Yatsa na kuskure, kuma ka ɗauka duk abin da aka faɗa gaban na'urar nan ana iya naɗe shi, Zoom na sanarwa in an danna naɗi amma ba ya sanarwa in wani ya ajiye wata waya a gefe. Kuma daga yau ka cire wa ranka cewa Hausa asiri ce, ɗalibanmu da ƴan kasuwarmu sun cika Istanbul da Alƙahira da Dubai da Guwanzu. In za ka nuna musu takarda ta allon wayarka ma ka kula, saƙon WhatsApp na iya faɗowa sama kowa ya karanta, wataƙila ma na dillalin da ke gaya maka nawa aka sayi tiya yau a Mirya, gara ka tura takardar tun kafin a zauna.

Toh kuɗin ƙarshen da suka riga suka ji fa? Kar ku ce ba a faɗa ba, kar ku ce wasa ne, ƙarya za ta fi zubar da ku. Kuɗin ranar ne, kasuwar riɗi kuwa ba ta kwana wuri ɗaya, Kawu na iya cewa da gaskiyarsa wancan na wancan satin ne ga na yau. Kuma kuɗin ton ba shi kaɗai ne ciniki ba, wannan Kawu ya fi ni sani: a ina za a miƙa kayan, a ƙofar magaza nan Damagaram ko sai an kai tashar jirgin ruwa, wa zai biya kamyon, wa zai biya duwan da taransite, wa zai biya rairaya da sabbin buhuna, nawa za a ba da kafin alƙalami. Tsakanin nan da teku tafiya ce mai tsawo, yanzu da kaya da yawa ke bi ta Lome kuɗin hanya kaɗai na iya cinye ribar gaba ɗaya, toh abin da aka rasa a baki ana iya maido shi a nan. Ku je wajen taransite mai lasisi tun kafin zaman ya faɗa muku kuɗin hanya da takardun da ake nema a yanzu, saboda dokokin fitar da amfanin gona suna canzawa. Zancen hanci kuma, Kawu ya ce a gaya wa mutumin ya yi haƙuri cikin raha, magana ɗaya, a wuce. Shi ɗan Kanon ka nemi lambarsa ka gaishe shi, da ya so cutarku da shiru zai yi ya bar Kawu ya ci gaba da zuba.

Akwai kuma inda nake bayan Kawu ɗari bisa ɗari. Da ya ce ciniki ba a yinsa a madubi, kar ka ɗauka tsufa ne kawai. Mu kan ce gani ya kori ji, amma ganin allo bai kai gani ba. A 2024 a Hong Kong wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Ingila ya tura wajen dalar Amurka miliyan 25 bayan zaman bidiyo da ya ga shugabanninsa da fuskarsu da muryarsu, ashe duk na'ura ce ta ƙera su. In an yi wa masu kwamfuta a gabansu dare da rana haka, ina ga mu. Kai a intanet ka samo mutanen nan, ban ce ɓarayi ba ne, Turkiyya na sayen riɗi da gaske dan da shi suke tahini, wato niƙaƙƙen riɗi, da burodinsu mai zobe, amma fuska a Zoom da ofis mai kyau a baya ba shaida ba ce. Ka duba imel ɗinsu na kamfani ne ko gmail ne kawai, ka nemi takardar rajistarsu, Turkiyya na da ofishin jakadanci a Yamai, akwai kuma ofishin ƴan kasuwa namu, a tambaya. Duk mai sayen da ya ce ku ku fara turo kuɗin rajista ko na wata takarda kafin ya saya, ku rufe zancen nan take. Kaya ba sa barin magaza sai da kafin alƙalami da ya shiga asusu kun gani da idonku a banki, ba hoton rasit ba, ko kuma takardar lamuni ta banki zuwa banki. In ana gab da biya aka turo saƙo wai an canza lambar asusu ko sunan kamfani, a tsaya a kira a tabbatar. In cinikin ya girma a sa kamfanin duba kaya irin SGS ya auna ya ba da takarda, in ya ƙara girma wani ya hau jirgi, ko su zo ko ku je, akwai jirgin Istanbul daga Yamai.

Kuma duk abin da aka yarda a baki a zaman, kafin la'asar ɗin ranar ka rubuta shi gajere ka tura musu: mun yarda da ton kaza, kuɗi kaza, a miƙa a wuri kaza, ranar kaza, ku amsa in haka ne. Ka karanta wa Kawu da Hausa kafin ka tura. A kasuwa akwai dillali da shaidu da ke tuna wa mutum abin da ya ce, a nan in rezo ya haɗiye rabin jimla kai ka ji sittin shi ya ce saba'in, ba mai raba ku sai wannan rubutun.

Zancen tafiya Yamai, ba zan ce kar ka taɓa tafiya ba, amma ba yanzu ba kuma ba cikin fushi ba, kilomita wajen 900 ne ka je ka kwanta ɗakin aboki kana yawo da takardu ofis ofis, ka bar cinikin da kai ka samo a hannun wani. Na kuma lura a duk vokal ɗinka ba ka faɗi nawa Kawu ke ba ka ba, ina zargin na cefane ne da kuɗin mai in ya tuna. Ka bari sai an loda kamyon farko kuɗi sun shigo, sannan ka koma da Innar taka ko aminin nan nasa a zauna a yanka maka la'adarka a kan kowane ton da ya fita ta hanyarka, a faɗe ta a gaban shaida, a rubuta a littafin da kake riƙewa.